Me Ya Kwantar da Ƙartin Holy Cross?

A ƙarshen watan Satumba na 1969, wata cuta ta faɗa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta Kwalejin Holy Cross da ke birnin Wusta, a jihar Masacusets ta Amurka. Samari ne majiya ƙarfi, masu jini a jika, waɗanda aka zaɓo saboda lafiyarsu da juriyarsu. Ranar 27 ga Satumba suka kara da Jami'ar Habad, aka ci su 13 ba ko ɗaya. Bayan mako guda, ranar 4 ga Oktoba, Kwalejin Datmos ta lallasa su da 38 da 6. Kafin wannan wasa na biyu wasu 'yan wasan sun riga sun kwanta, waɗanda suka shiga fili kuwa da ƙyar suke ɗaga ƙafa.

Alamun iri ɗaya ne a wurin kowa: kasala, zazzaɓi, tashin zuciya, ƙin abinci, fitsari ya yi duhu, sannan idanu su koma rawaya. Shawara ce, alamar cewa hanta ta kamu. Likitoci suka yanke shawarar ɗibar jinin kowa da kowa, da marar lafiya da mai ganin lafiyarsa ƙalau, 'yan wasa da masu horarwa da ma'aikatan ƙungiya, mutum 97. Sakamakon ya ɗaga hankali. Mutum 32 shawara ta fito musu sarai, 22 suna jin jiki amma idonsu bai canza ba, wasu 36 kuma ba sa jin komai amma gwajin hantarsu ya haura ƙa'ida. Aka ƙirga mutum 90 cikin 97. Kwalejin ta soke sauran wasanninta na wannan kaka baki ɗaya.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, cutar ba ta bazu a cikin gari ba, ba ta kuma mamaye sauran ɗaliban kwalejin ba. Ƙungiya guda ta tsinta ta kwantar. Wani likitan cututtuka masu yaɗuwa na birnin, Dakta Leonard Morse, tare da jami'an kiwon lafiya, suka ɗauki aikin gano dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Tambayar farko ita ce: wane irin ciwon hanta ne? A wancan lokaci ba a taɓa ganin ƙwayar cutar da a yau ake kira nau'in A ba, amma likitoci sun san iri biyu ta halayensu. Akwai mai bin jini da allura, wanda kan daɗe a jiki, har wata shida, kafin ya bayyana. Akwai kuma mai shiga ta baki, wanda ke fita cikin bayan gidan mai ɗauke da shi ya kai ga abinci ko ruwan sha na wani. Tunda 'yan wasa kan sha allurai da magunguna a hannun masu kula da su, dole a fara zargin na jini. Sa'a ɗaya, 'yan shekaru kafin nan an gano wata alama a cikin jini da ke tona asirin wannan nau'in. Aka nemi alamar a jinin 'yan wasan, ba a same ta ba. Saura na baki: wani abu suka ci, ko suka sha.

Tambaya ta biyu: a hannun juna suka ɗauka, ko daga wuri guda? Wannan ana gane shi ta hanyar jera ranakun da kowa ya fara jin jiki. Ciwon hanta na baki yakan ɓuya a jiki daga kwana 15 zuwa 50, galibi wajen kwana 28. Idan mutum ɗaya ne ya shigo da shi yana shafa wa abokan kwanansa, za a ga mutum biyu ko uku sun kwanta, a yi wajen wata guda shiru, sannan wasu su biyo baya, a hankali a hankali. A nan kuwa duk waɗanda suka kamu cikin kwana 15 kacal suka kwanta. Ma'anar wannan ita ce, tare suka haɗiyi cutar, a wuri ɗaya, kusan a rana ɗaya. Wannan lissafi ya kuma wanke Habad da Datmos, domin lokacin da aka buga da su cutar ta riga ta yi makonni a jikin 'yan wasan.

Tambaya ta uku: wace rana? Idan aka koma baya da mako huɗu daga ƙarshen Satumba, ana faɗawa ƙarshen Agusta, daidai lokacin da ƙungiyar ta hallara don fara atisaye, kafin sauran ɗalibai su dawo daga hutu. Kafin wannan lokaci kowa yana garinsu, ba abin da ya haɗa su, don haka an samu iyaka ta farko. Iyaka ta biyu kuma wasu 'yan wasa ne suka bayar da ita ba tare da sun sani ba. Waɗannan sun iso a farkon Satumba, suka yi amfani da wuraren da ƙungiyar ke amfani da su, amma ko ɗaya bai kamu ba. Ke nan duk abin da ya ɗauko cutar ya zo ya wuce cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Wannan ya raunana zargin ɗakin girki. Mai dafa abinci da ke ɗauke da cutar ba rana ɗaya zai zubar da ita ya daina ba, yakan yi mako biyu ko fiye yana fitar da ƙwayar, kuma da masu zuwa daga baya sun samu rabonsu. Bincike a ɓangaren abinci bai kai ga komai ba. Sai hankali ya koma ga abin da duk mai atisaye cikin zafin Agusta yake yi, daga babban mai horarwa har mai ɗaukar kaya, wato shan ruwa. A filin atisayen akwai famfo guda da ake cika bokitai daga gare shi ana kai wa 'yan wasa.

Nan kuma aka ci karo da bango. Famfon nan ruwan hukuma yake kawowa, ruwan da aka tace aka sa masa magani, wanda dubban gidaje ke sha a Wusta. Da ruwan gari ne ya gurɓata, da asibitoci sun cika. Ga shi kuma an shiga Oktoba, ruwan da ya bi bututun a ƙarshen Agusta ya daɗe da wucewa, ba sauran abin ɗiba a kai ɗakin gwaji. Abin da ya rage shi ne a bi bututun da ƙafa, a ga ta inda ya ratsa.

Filin yana kan tudu, a saman kwalejin. Layin da ya kai masa ruwa ya rabu da babban bututun hukuma, ya bi gefen fili, kuma shi ne yake shayar da ciyawa, shi ne yake kai ruwan sha. A kan hanyarsa akwai kawunan famfo na ban ruwa, waɗanda aka binne cikin ramuka ƙasa da doron fili domin kada ɗan wasa ya yi tuntuɓe da su. Wanda ya tsara haka kare ƙafafun 'yan wasa ya nufa. Sai dai duk famfon da ke cikin rami, idan aka buɗe shi ko ya yi yoyo, ramin kan cika, bakin famfon ya nutse cikin ruwan da ya kwanta.

Daga nan masu bincike suka waiwayi maƙwabtan filin. A kusa da shi akwai wasu yara da suka yi fama da ciwon hanta a wannan bazara. Filin wurin wasansu ne. Sukan buɗe famfunan cikin ramuka, ruwa ya taru, su yi wanka, su yi wasa, kamar yadda yara ke yi ko'ina idan zafi ya tsananta. Mai wannan cuta ya fi zubar da ƙwayarta a makonni biyu kafin fitowar shawara, lokacin da ba wanda ya san yana ɗauke da ita, ƙananan yara kuma sau da yawa ko alama ba sa nunawa. An samu tushen cutar ke nan, an kuma samu inda ta kwanta, wato ruwan da ke cikin ramukan.

Amma har yanzu da sauran rina a kaba. 'Yan wasan ba su sha daga rami ba, daga famfo suka sha. Kuma duk mai aikin famfo ya san cewa bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi fitarwa yake yi, ba ya ɗauka. Ko huda shi aka yi, ruwa ne zai yi tsartuwa waje, datti ba zai samu hanyar shiga ba. Yaran sun daɗe suna wasa a ramukan, ba a samu wata ɓarna ba. Me ya sa a rana guda bututun ya juya ya sha abin da ke wajensa?

Hanya ɗaya ce tak: sai idan ƙarfin ruwan ya faɗi har ya koma zuƙa. Duk wanda ya taɓa ganin an zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san yadda abin yake, da zarar ruwa ya fara gangarowa ta ɗaya bakin, ɗayan bakin zai riƙa tsotsar duk abin da aka tsoma shi a ciki. Haka bututun gari yake. Idan aka ja ruwa da yawa lokaci ɗaya a gangare, ruwan da ke layukan kan tudu yakan juyo ya gangara, ya bar zuƙa a bayansa. Wurin da ya fi tsayi shi ne yake fara rasa ƙarfi, domin kowace mita 10 ta hawa tana cin wani kaso mai yawa na ƙarfin da injin hukuma ya turo. Filin atisayen kuwa a can sama yake, a ƙarshen layi.

To me zai ja ruwa mai yawa haka a ƙarshen Agusta? Amsar tana wurin 'yan kwana-kwana. Ranar 29 ga Agusta, 1969, gobara ta tashi a Wusta, kimanin kilomita 3 daga kwalejin. Motocin kashe gobara suka jona da manyan famfunan titi, suna zuƙar dubban litoci a kowane minti. Ƙarfin ruwa ya faɗi a kan tudu, famfunan da suka nutse a ramuka suka tsotsi ruwan da yara suka yi wasa a ciki. Da aka gama kashe wuta ƙarfin ruwa ya dawo, sai ya tura wannan gurɓataccen ruwa gaba, zuwa famfon da ake cika bokitai. Ɗan maganin da ya saura a ruwan hukuma a ƙarshen layi bai isa ya kashe ƙwayoyin da ke cikin wannan ƙazanta ba. Rana ce mai zafi, ƙarti suna gumi, suka sha suka ƙoshi. Kafin waɗancan 'yan wasan su iso bayan kwana shida, ruwa mai tsabta ya riga ya wanke layin. Ranar gobarar ta faɗa daidai tsakanin iyakoki biyun da lissafin kwanaki ya bayar.

Abu biyar ne suka haɗu: yara masu ciwo, bututu mai aibi, rana mai zafi, ƙungiya mai atisaye, da gobara. Huɗu daga ciki ba mai iya hana su. Yara za su yi rashin lafiya, za su kuma yi wasa da ruwa, rana za ta yi zafi, gobara za ta tashi. Guda ɗaya ne yake hannun mutum, shi ne yadda aka haɗa bututun. Don haka bai dace a ɗora wa yaran laifi ba, ko 'yan kwana-kwanan da suka yi aikinsu.

Labarin ya samu ƙarin gyara daga baya. A 1973 wasu masana uku a Amurka, Stephen Feinstone da Albert Kapikian da Robert Purcell, suka fara ganin ƙwayar cutar nau'in A da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, daga nan aka samu gwajin jini na musamman. An kuwa adana jinin 'yan wasan Holy Cross cikin sanyi. A 1985 aka wallafa sakamakon sake gwada shi, sai aka ga waɗanda shawara ta fito musu ne kaɗai suka kamu da gaske, wato kashi 34 cikin ɗari maimakon 93 da aka fara faɗa. Gwajin hantar da aka dogara da shi a 1969 yakan haura saboda wasu dalilai, ciki har da motsa jiki mai tsanani. Adadin ya ragu, amma nau'in cutar ya tabbata, hanyar da ta biyo kuma ba ta sauya ba.

Wannan lamari shi ne yake bayyana wasu dokokin hukumomin ruwa da mutane ke ɗauka tsanani ne kawai ko neman kuɗi. A biranen Amurka ba a jona gida da babban bututu sai da izini, kuma ma'aikacin hukuma yana da hurumin duba yadda aka ja layukan cikin gida. Layin ban ruwa, da na kashe gobara, da na masana'anta, dole a sa musu bawul na musamman mai barin ruwa ya shiga ya hana shi komowa, a riƙa gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Inda ruwa ke zuba cikin tanki ko kwatami, dole bakin famfo ya tsaya sama da inda ruwan zai iya kaiwa, da tazarar da ta ninka faɗin bututun sau biyu, kada kuma ta gaza santimita 2.5. Wannan tazarar iska ita ce kariyar da ta fi kowace, domin ba ta da abin lalacewa. Darasin ya girmi Wusta. A 1933, lokacin babban baje kolin duniya a Shikago, cuɗanyar ruwan sha da na ƙazanta a bututun wasu otal-otal biyu ta jawo cutar atini da ta kama mutum wajen 1,400, ta kashe 98.

Rijiyar gida kuwa ta fi famfon rami hatsari idan aka haɗa ta da layin hukuma. Famfon rami sai ƙarfin ruwa ya faɗi sosai yake tsotsa, ita kuwa rijiya tana da injinta mai turawa. Duk lokacin da ƙarfin injin ya rinjayi na hukuma, ruwan rijiyar zai bi ta mita ya fita titi, ya shiga gidajen da ba su san da rijiyar ba. Kuma ruwa ne da ba mai gwada shi. Dokar ruwan sha ta tarayyar Amurka ta 1974 ta shafi tsarin da ke da haɗi 15 ko yake shayar da mutum 25 ne zuwa sama, rijiyar gida ɗaya ba ta ciki. A Masacusets hukumomin lafiya na garuruwa ne ke kula da irin waɗannan rijiyoyi. Shi ya sa ƙa'idar ta zama kaifi ɗaya: mai rijiya yana iya riƙe rijiyarsa, amma bututunta da na hukuma kada su haɗu ko ta ina, kuma makulli guda a tsakaninsu ba ya wadatarwa, domin makulli yana yoyo, mutum kuma yana mantuwa. Jihar ta kuma sa tazarar ƙafa 50, wajen mita 15, tsakanin rijiya da tankin masai, da ƙafa 100, wajen mita 30, tsakaninta da inda ruwan masan ke tsiyaya cikin ƙasa. Rijiyar da aka daina amfani da ita kuma cike ta ake yi da siminti ko yumɓu, domin rami ne buɗaɗɗe da ke kai datti kai tsaye ga ruwan ƙasa da maƙwabta ke sha.

Wanda ya san garuruwanmu, daga Kano da Zariya zuwa Maraɗi da Damagaram, zai gane wannan hoto. A Wusta sai da gobara ta tashi kafin bututu ya yi zuƙa na 'yan sa'o'i. A unguwannin da ake kawo ruwa a ɗauke, wannan zuƙa tana faruwa duk ranar da aka ɗauke shi. Saboda ruwan ba shi da ƙarfi, mutane kan haƙa rami a ƙofar gida su yanke bututu a can ƙasa don su samu ya zubo, da damina kuma ruwan kwata ya cika ramin. Siraran bututun roba suna bin cikin lambatu, an ɗaure inda suka fashe da tsumma ko roba. Mai hali yakan jona injin jan ruwa kai tsaye a layin hukuma, ya zuƙe rabon maƙwabta, ya kuma sa duk wata ɓula da ke kan layin ta tsotsi ƙazanta. Wani kuma ya haƙa burtsatse kusa da salgarsa, ya haɗa ta da layin hukuma a bututu ɗaya. Kwalara da taifot da ciwon hanta duk ta baki suke shiga. A 2021 kaɗai Najeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Hanyoyin cutar suna da yawa, amma bututu mai tsotsa hanya ce da muke iya toshewa.

Babban nauyi yana kan hukumomin ruwa. Su ne za su sa ruwa ya tsaya da ƙarfi a bututu, su sauƙaƙa haɗi na halal ta yadda talaka ba zai nemi na bayan fage ba, su kuma riƙa duba yadda aka haɗa gidaje. Mutumin da ya haƙa rami don ya samu abin ba 'ya'yansa, rashi ne ya sa shi, kuma tara kaɗai ba za ta gyara lamarinsa ba. Duk da haka akwai abin da mai gida zai iya tun yau. A ɗaga bakin famfo sama da inda ruwa ke kwanciya, idan kuma rami ya zama dole a gina masa baki a yi masa murfi. Ruwan hukuma ya zuba cikin tanki daga sama, da tazara, inji kuma ya ja daga tankin, kada ya ja daga layi. Bututun burtsatse ya bi hanyarsa dabam. A fitar da bututu daga cikin kwata. Ruwan farko da ya zo bayan an ɗauke a bar shi don wanki da shara, na sha kuma a tafasa ko a sa masa magani.

Bututun da ya shiga gidan mutum a haɗe yake da na duk wanda ke kan layin, don haka yadda aka ja shi yana cikin haƙƙin maƙwabtaka, daidai da katanga da magudanar ruwa. Duk wanda zai ja famfo ko ya haƙa burtsatse, kafin ya sallami mai aikin ya yi masa tambaya guda, ya kuma tsaya sai ya ga amsar da idonsa: ranar da aka ɗauke ruwa, me wannan bututun zai tsotsa?